Tambaya da Amsa: Ƙwaron da ke ƙona fata ba tare da cizo ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana da ke makarantar kwana ya dawo da wani zane a wuya kamar an ɗiga masa ruwan batir, har ya tashi ƙuraje masu ruwa. Ya ce wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke zuwa wajen fitila. Wane irin ƙwaro ne wannan, daga ina ya shigo mana, kuma yaya za mu yi da shi? Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Siffar da ya bayar ta yi daidai da ƙwaron da masana ke kira Paederus, sunan da masanin ƙwari Fabricius ya raɗa wa jinsin tun 1775. A ido kamar tururuwa yake, amma ɗan gidan su buzuzu ne, wato ƙwari masu taurin fiffike. Danginsa, Staphylinidae, na da nau'i fiye da 60,000, shi kuma Paederus kaɗai ya haura 600.

Tsawonsa milimita 7 zuwa 10. Kai baƙi, ƙirji ruwan lemo, sai gajerun fikafikai masu shuɗin ƙyalli da ba su rufe ciki ba, sannan ciki ruwan lemo da baƙin wutsiya. Idan aka taɓa shi yakan ɗaga wutsiyar sama kamar kunama, alhali ba shi da ƙari. Kada a haɗa shi da hangara mai cin gero a Arewa: ita ma tana ƙona fata, amma danginta daban, gubarta daban.

Ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. A Afirka ta Yamma nau'in da aka fi sani shi ne Paederus sabaeus. A Kenya, shi da wani nau'in mai suna eximius ake kira ƙudan Nairobi, ko da yake ba ƙuda ba ne, kuma sun yi yawa sosai bayan ruwan saman 1997 zuwa 1998. Indiya da Indonesiya suna da nau'in fuscipes, Brazil na da nata, har Turai akwai riparius. Abin da ya haɗa su duka shi ne damshi: bakin rafi, fadama, gonar shinkafa, ruɓaɓɓen ganye. Can yake farautar ƙananan ƙwari masu ɓarna, don haka manomi ba shi da ƙorafi a kansa. A Kumasi an fi ganinsa da damina, musamman a gidajen da ke kusa da rafi ko ciyawa.

Ba ya cizo, ba ya harbi. Gubar, mai suna pederin, tana cikin ruwan jikinsa, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin macen ne ke haɗa ta. Sai an murje shi a fata take fita. Shi ya sa tabon ke zuwa a miƙe, ta inda hannu ya ja shi. Ba a jin komai nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya fara raɗaɗi. Idan a gwiwar hannu ne aka naɗe, ɗaya gefen ma ya kama.

In ya sauka a jiki, a hure shi ko a sa takarda ya hau. In an riga an murje, a wanke wurin da kuma hannuwa da sabulu da ruwa mai yawa kafin a taɓa fuska, domin idan gubar ta shiga ido yana kumbura sosai, wannan kuwa sai asibiti. A riƙa ɗora tsumma mai ruwan sanyi. Kada a fasa ƙurajen, kada a shafa man goge baki ko toka, ƙara cin fatar suke yi. Likita na iya ba da man shafawa na rage kumburi, da maganin ƙwayoyin cuta idan ya fara ɗiwa. Yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma baƙin tabon na iya kai wata da watanni.

A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, farar fitila ce ke jawo shi. A kashe ta kusa da gado, a ɗinke ragar taga, a kwana cikin gidan sauro, a kakkaɓe zanin gado da tawul. Bayan feshi a share gawarwakin da tsintsiya, don matacce ma gubarsa na nan.