Shafa gashin tukuna, sannan ka ɗinka

Habu, tun jiya kake tambayata dalilin da ya sa na ƙwace basilla daga hannunka lokacin da za ka ɗinka madauki a tsirin fata mai gashi, na ƙarƙashin katakon tafiya kan dusar ƙanƙara, da malamin jami'ar nan na Samaru ya kawo. Ka ce ai abu ne dogo siriri, ko ta wane baki aka ɗinka duk ɗaya. To jawo buzun can ka shafa daga wuya zuwa wutsiya. Sulɓi, ko? Yanzu dawo da hannun baya. Ka ji yadda gashin ya miƙe ya tokare ka? Kuɗin wannan tokarewar mutumin ya biya.

A Norway ya yi karatu, can ya koyi tafiya kan dusar ƙanƙara da dogayen katakan nan biyu da suke kira siki. Irin nasa na tafiyar nesa ne: takalmi ta wajen yatsu kaɗai yake ɗaure, dunduniya a sake, tana ɗagawa kamar ta mai silifa. In za a hau dutse sai a manna tsirin da gam a ƙarƙashin katako, madauki ya sarƙe kan katakon, kwanciyar gashi daga gaba zuwa baya. Ka tura ƙafa, gashi ya kwanta, katako ya zame gaba. Nauyinka ya nemi ya ja ka baya, gashi ya tashi ya ciji dusar. Da na bar ka ka ɗinka a wutsiya, da bawan Allah ya tura ƙafa ta ƙi, ya tsaya kuma ya sulale baya, yana ambaton shagonmu da abin da ba ma so.

Wannan da ke gabanka ma suna ne kawai fata. Da can Turawa fatar wata dabbar teku mai gajeren gashi suke sa wa. Yanzu saƙa ce, gashin akuyar Angora, wadda ta samo sunanta daga Ankara ta Turkiyya, a gauraye da nailan. Na akuya ya fi sulɓi, nailan ya fi ƙarko. Mutanen duwatsun Altai a ƙasar Sin kuwa har yau akwai masu lulluɓe katakonsu da fatar ƙafar doki, ba sa cire ta hawa da sauka. Ni aikinsu ya fi burge ni, dukanci ne tsantsa.

Kada ka ɗauka gashin nan tsafi ne. In hawan ya yi tsaye da yawa, saki yake yi. Shi ya sa ba a tunkarar dutse gaba da gaba, karkata ake yi, dama, hagu, kamar yadda mai hankali yake hawa dutsen Kufena. Kuma jan katakon ake yi a kan dusa, ba ɗaga shi ba, don kada cinya ta mutu tun rabin hanya.

A ƙololuwa sai a ɓare tsirin, a naɗe, a cusa cikin riga a jikin ƙirji, domin sanyi yana kashe gam ɗin. Saukowa ita ce mai wuya, tunda dunduniya ba ta da mariƙi. Sabon shiga yakan kusanto da kawunan katakan ya ware wutsiyoyin, gefensu na kankarar dusa yana rage gudu. Gwani kuwa durƙusawa yake, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya sha kwana. Telemark suke ce wa wannan, sunan yankin su Sondre Norheim, wanda ya nuna salon a gasar 1868 a birnin da yanzu ake kira Oslo.

Na ga kuma kana hararar faɗinsa, wai ya yi wa katako kaɗan. Da gangan aka rage. Ana barin kamar milimita 2 kowane gefe don bakin ƙarfen katakon ya fito ya kama ƙanƙara in ana ratsa gangare. Kada ka ƙara masa komai.

Rufe gefen gam ɗin da leda kafin ƙurar hunturu ta hau shi, ka miƙo zaren nailan. Kai za ka ɗinka, amma shafa tukuna ka nuna min ina ne gaba.