Ga mai son zuwa Abuja daga Kano a keke: komai naka ya kasance a jikin kekenka

Ɗan uwa wallahi da na karanta tambayarka sai da na yi dariya ni kaɗai, ba dariyar raini ba, kawai na ga kaina ne a ciki. Kana so ka taka keke daga Kano zuwa Abuja, amma ko Kura ka je ka dawo sai mazaunai su ɗauki zafi, yatsu su mutu, a gida kuma ana ta cewa ko an yi maka asiri ne. Duk mun sha wannan. Ni yayata cewa ta yi a nemo min mai ruƙiyya.

Kafin maganar sirdi bari in fara da abin da ya fi ci min rai, don na ga ka rubuta wai wani abokinka ya ce zai bi ka da mota ya riƙe maka kaya. Don Allah don Annabi kar ka yarda. Ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, tub, famfo, faci, sholisho, sifana da ruwa su kasance a kan kariyar kekenka. Ni haka wani ya yi min, mutumin da muka tashi unguwa ɗaya, shi da bakinsa ya ce kawo jakar nan ka rage nauyi, ai ina bayanka, duk inda ka tsaya kira ni kawai. Har da cewa zai riƙa ɗaukar bidiyo muna sawa a Facebook. Mun rabu a Na'ibawa da asuba, na gan shi a Chiromawa ya miƙo min ruwa, daga nan shikenan. Na wuce Kwanar Ɗangora, ban kai Tashar Yari ba tayar baya ta sace, irin siririyar wayar nan ta tayar tirela da ta fashe ce ta shige, ba ka ma ganinta sai ka shafa cikin tayar da yatsa ta soke ka. Na kira shi tana ringin bai ɗauka ba, na sake kira, can sai wayar a kashe. Ga rana ta yi ja, ga ba ni da ko ledar ruwa ɗaya, kuɗina ma rabi yana cikin jakar. Haka na riƙa tura keken nan a gefen titi manyan motoci suna watsa min ƙura, takalmin ya ci min dunduniya, aka kira magariba ina ji daga wani ƙauye can nesa, bakina ya bushe har harshe yana mannewa. Wani dattijo da ya taso daga gona shi ya ba ni ruwa a gorarsa, ya raka ni wajen mai faci, ya tsaya har aka gama da fitilar waya. Shi kuwa gogan naka sai washegari da hantsi ya kira, wai ya samu fasinja zuwa Zariya ne ya ce bari ya sauke su ya dawo sai barci ya kwashe shi. Ko haƙuri bai bayar ba, cewa ya yi ai ga shi ba abin da ya same ka. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure yana ba mutane labarin wai shi ya raka ni. Muna gaisawa saboda zumuncin iyaye, amma na bar shi da Allah.

To zafin mazaunai. Yawanci ba laifin jikinka ba ne, tsayin sirdi ne. Hau keken ka jingina da bango, ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. In gwiwa ta lanƙwashe sirdin ya yi ƙasa, kuma gwiwar ce za ta fara kuka kafin Zariya. Kar ka saka sirdi mai laushi kamar katifa, a tafiyar kusa yana da daɗi amma a tafiya mai nisa shi ke goge cinya. Kuma kar ka canza sirdi ana gobe tafiya, wanda jikinka ya saba da shi ka tafi da shi. Ka samu gajeren wandon 'yan keke mai soso, a gwanjo ana samu, ka sa dogon wando a kai in kana jin kunya, ka shafa man kaɗanya ko basilin a matsematsi tun kafin ka fita. Yatsu kuma nauyinka ne ya taru a hannu, ka riƙa canza riƙo, ka sa safar hannu, lokaci lokaci ka miƙe tsaye a kan feda jini ya zagaya.

Ba ka faɗi watan da za ka tafi ba. In a bazara ne, Maris zuwa Mayu, ni dai ban ba ka shawara ba, zafin Kano yana haura digiri 40 kuma kwalta tana ƙara nata. Hunturu ya fi, saboda iskar daga arewa maso gabas take tasowa, kai kuma kudu ka nufa, tana tura ka ta baya. Sai dai ƙura, ka ɗaure hanci, kuma da hazo direba ba ya hango ka, dole riga mai ƙyalli da jar fitila a baya. Hular kwano ba ado ba ce.

Ruwa kar ka jira ƙishi. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, gora ɗaya ta ruwa zalla, ɗaya ta gishiri da sikari: lita ɗaya, sikari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, ko ka sayi ORS a kemis ka huta. In fitsarinka ya yi ja to ka makara, zauna a inuwa. Dabino da gyaɗa da ayaba a aljihu. Fura da nono tana da daɗi amma in ka cika ciki da ita da azahar barci za ka ji, ni da yamma nake sha. Tuwo sai dare.

Titin nan daga Kano zuwa Zuba, wato bakin shiga Abuja, wajen kilomita 375 ne, kar wani ya zuga ka ka ce za ka cinye shi a kwana biyu don a yaba maka a group. Ka kwana Zariya, ka kwana Kaduna, in jiki ya ƙi ka ƙara kwana, ba wanda zai ba ka kofi. Kafin nan ka gwada kanka, ka yi tafiya mai tsawo yau, gobe ka sake yin irinta da kayan a ɗaure, don rana ta biyu ce ke tona asirin mutum. Ka fita bayan asuba, azahar ka sauka ka yi ƙasaru ka huta, la'asar sakaliya ka riga ka shiga gari. Dare haramun, musamman tsakanin Kaduna da Abuja, ka san labarin masu garkuwa da mutane a Rijana da Katari ba sai na faɗa maka ba. Ranar da za ka bi wajen ka tambayi direbobi a tasha yadda hanya take, in suka ce da matsala ka ɗora keken a mota ka wuce, babu abin kunya. Inda ake aikin titi aka mayar da motoci hannu ɗaya nan ne tirela ke matse mutum, sauka gefe ka bar ta ta wuce.

Katin shaida da rasit ɗin keken a leda, za a tambaye ka a shinge, wani ma don ya ji labari ne kawai. Kuɗi ka raba biyu, kar ka dogara da tiransfa, akwai inda ba sabis. Kuma ka koyi yin faci da hannunka a tsakar gida tun yanzu, ka cire tayar baya ka mayar har sai ta daina ba ka wahala. Sarƙa a wanke a sa mai, a duba birki da wayoyin taya mako guda kafin tafiya, don in mai gyara ya yi aika-aika ka gani tun kana gari.

Wane irin keke ne ma da kai, mai giya ne ko irin Phoenix ɗin nan na da? Turo hotonsa daga gefe da kai a kai in ga tsayin sirdin. Ina da jakar kariya da ba na amfani da ita, in kana so ka yi min magana ta inbox ka zo ka karɓa.