Hukuncin hirar ƙauna ta waya tsakanin ma'auratan da nisa ya raba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana yana aiki a Fatakwal, ni kuma ina Zariya da yara uku, ba ya zuwa gida sai Sallah zuwa Sallah. Da daddare muna hirar ƙauna ta WhatsApp, wani lokaci kuma yakan nemi in tura masa hotona ba lulluɓi. Shin akwai laifi? Tsawon wane lokaci shari'a ta yarje masa ya yi nesa da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hirar nan halal ce, kuma akwai lada a cikinta idan niyyarku ita ce kame kai, domin Allah ya umarci maza da kyakkyawan zama da matansu a Suratun Nisa'i, aya ta 19, kuma nisan gari bai ɗauke wannan umarni ba. Ki ba shi labarin wuninki, abin da kika girka da haƙorin da ya fito wa auta, ki kira shi da sunan da yake so, amma ki tabbata babu kunnen da ke jin ku.

Batun hoto kuwa, ina hana ki. Mijinki yana da ikon ganin ki, sai dai waya takan ɓace, a sace ta, ko ta kwana a shagon mai gyara, kuma a cikin Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya yi kashedi mai tsanani a kan bayyana sirrin shimfiɗa. Toshe ƙofar ɓarna babban ginshiƙi ne a mazhabarmu ta Malikiyya. Ki lallashe shi da taushin murya ya haƙura.

Sashe na biyu na tambayarki ya fi damu na. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wata mata a Madina cikin dare tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, sai ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, daga nan ya yanke wa mayaƙa wa'adi, wata huɗu a wata ruwaya, wata shida a wata. To, daga Babbar Sallah zuwa Ƙaramar Sallah kusan wata goma ne, wannan kuwa ya zarce wa'adin biyu. Idan kin yarda da hakan, kuma babu tsoron fitina a gare ku, babu zunubi a kansa, domin haƙƙinki ne kika yafe. Idan kina cutuwa, wajibi ne ya riƙa zuwa ko ya ɗauke ku ku koma wurinsa, kuma kuɗin cefane da yake turowa ba ya biyan wannan bashi. Malamanmu sun ba mace damar kai ƙara gaban alƙali idan rashin miji ya kai shekara tana cutuwa, amma ke ba ki kai nan ba. Ki fara gaya masa da bakinki, a lokacin da ransa yake fari, idan abin ya faskara ki sa waliyyinki ya yi masa magana.

Wallahu a'alam.