Me ya sa sai an sake buɗe manhaja sabon zubi ke kama aiki?

Ka tambaye ni, tunda manhajarmu ta riga ta sauke sabon zubi, wato sabuwar sigarta, daga intanet, me ya hana ta ɗora shi nan take, sai an rufe ta an sake buɗewa. To ɗana, ba ragwancin masu rubuta ta ba ne. A Windows, fayil ɗin manhajar da ke aiki a kulle yake, ba ka iya rubutu a kansa, ba ka iya goge shi. Linux kan bar ka ka maye gurbinsa, amma sai tsohon zubi ya ci gaba da gudana yana ɗauko fayilolin sabo, abu ya cakuɗe. Tela ba ya farke riga tana jikin mai ita.

Sai dai inda yara irinku ke faɗawa rami shi ne tara duk aikin a lokacin buɗewa. Kar ka yi haka. Dubi Chrome: kowane zubi yana da foldarsa mai ɗauke da lambarsa, sabo a gefen tsoho. An gama kwancewa da shiryawa tun mutum na cikin aikinsa, abin da ya rage kawai a musanya ƙaramin fayil ɗin da ke tayar da manhajar. Firefox kuwa wata 'yar manhaja ce daban ke yi masa musanyar, sannan ta tayar da shi.

Dalilin ƙin tara aikin a lokacin buɗewa? A ce kana kwafe fayiloli ɗari a kan tsofaffi, wuta ta ɗauke a na arba'in. Manhaja ba ta tashi, kuma ɓangaren da zai gyara ta yana cikinta. Shi ke nan, an kulle ɗaki da makulli a ciki. Don haka ka bar tsohon zubi a ajiye, sai sabon ya tashi ya rubuta alamar cewa lafiya lau. In bai rubuta ba, a koma tsoho.

Sa hannun dijital kuma, wato hatimin da ke tabbatar da cewa fayil ɗin daga masu manhajar ya fito ba a taɓa shi ba, ka duba shi sau biyu, lokacin saukewa da kuma daf da ɗorawa, domin fayil ɗin ya kwana a faifai, ba ka san wa ya taɓa shi ba. Ka kuma tuna rubutu a Program Files, foldar da Windows ke ajiye manhajoji, sai da izinin admin, wato mai ikon kula da kwamfutar.

Gobe ka kashe kwamfutar gwaji ana tsakiyar musanya, ka kunna, ka zo ka gaya mini wane zubi ya tashi.