Kada ka sayo wa yaron nan sandar manya

Wa'alaikumus salam Malam. Sau biyu na karanta tambayarka kafin in fara rubutu, domin abin da kake shirin yi shi aka yi mini ina yaro, kuma na san inda ya kai ni. Ka ce ƙanenka shekararsa 14, tsawonsa santimita 160, ya shekara biyu yana buga kurket da ƙwallon tanis, yanzu an ɗauke shi cikin 'yan wasan makaranta za su koma ƙwallon fata. Wani abokinka zai je Indiya wata mai kamawa, kana so ka ba shi saƙon sandar manya ta itacen Ingila mai daraja ta ɗaya, irin mai tambarin da fitaccen ɗan wasan Indiya Virat Kohli ke riƙewa, don yaron ya girma ya tarar da ita.

Allah ya saka maka da alherin wannan niyya, amma don Allah kada ka yi haka. Sandar kurket ba rigar Sallah ba ce da za a ce wa tela ya ƙara mata tsawo saboda baɗi.

Ina ɗan shekara 15 kawuna ya dawo daga Landan ya kawo mini sandar manya. Kwana uku a gefen katifata take kwana don murna. Da na shiga fili da ita sai na tarar ba na iya ɗaga ta a kan lokaci. Kafin ta hau sama ta sauko, ƙwallo ta riga ta wuce. To jiki ba ya jiran shawara, shi yake nemo wa kansa mafita. Ni mai bugu da dama ne, wato hannun hagu ne a sama, shi ya kamata ya ja ragamar sanda. Da nauyi ya fi ƙarfinsa sai hannun dama na ƙasa ya ƙwace aikin, na koma sharar kowace ƙwallo zuwa ɓangaren ƙafa, wato gefen hagu ga mai bugu da dama, kamar mai yankan ciyawa da lauje. Tsawon kuma ya sa gindin sandar yana tokarar ƙasa, ni kuma ina miƙewa tsaye don in ba ta hanya, kaina ya bar saitin ƙwallo. Sai da na je karatu Indiya, ina da shekara ashirin da wani abu, wani tsohon koci ya kalle ni na buga ƙwallo shida kacal, ya tambaye ni ko an ba ni babbar sanda ina ƙarami. Na yi kusan shekara biyu ina kwance abin da sandar nan ta ɗaura mini, kuma har yau in wasa ya yi zafi hannun daman nan yakan so ya dawo da halinsa.

Don haka tsawon yaro shi ne farkon magana. Sandunan yara suna da lamba daga 0 zuwa 6, sai wadda ake kira Harrow, sannan ta manya mai gajeren mariƙi da ake rubuta wa SH, da mai dogon mariƙi LH ta dogaye sosai, waɗanda suka haura santimita 188. Lamba 6 ta masu tsawon santimita 157 zuwa 163 ce, Harrow kuma daga 163 zuwa 168, ko da yake jadawalin kamfanoni yakan ɗan saɓa da juna. Ƙanenka yana tsakiyar lamba 6. In ka ga ya shiga shekarun da yara ke yin tsawo kamar rama, wandonsa yana ɗagewa duk wata uku, za ka iya haurawa zuwa Harrow. Nan ne iyaka. Akwai gwajin da muke yi ba sai da awo ba: yaro ya tsaya a miƙe da takalminsa, a jingina sandar a gefen ƙafarsa, kan mariƙin ya tsaya daidai saman cinya, wajen da wuyan hannunsa yake in ya saki hannu. In ya kai ƙugu ko ya wuce, ta yi masa yawa.

Bayan tsawo sai nauyi, kuma a nan ne manya ma suke ruɗar kansu. Sandar manya galibi tana tsakanin kilo 1.1 da 1.3, lamba 6 kuwa wajen kilo ɗaya. Mutum zai ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya jira sai ya ɗaga ta sau ɗari biyu a rana tsaka. Za ka ji ana kafa hujja da Sachin Tendulkar, cewa gajere ne amma sandarsa ta kusa kilo ɗaya da rabi. Gaskiya ne, amma shi Tendulkar ne, ya fara buga wa Indiya wasa yana ɗan shekara 16, kuma ko shi ciwon gwiwar hannu ya zaunar da shi a 2004. Sannan abin da sikeli ya nuna daban, abin da hannu ya ji daban. Sanda biyu za su zo nauyi ɗaya a sikeli, ka ɗaga ɗaya ka ji ta kamar kara, ɗayar kamar taɓarya, saboda inda maƙerin ya tara naman itacen. In ya tara shi can ƙasa kusa da gindi, za ta ja hannu. Gwajina shi ne yaro ya sa safar hannunsa ta wasa, ya riƙe sandar da hannun sama kaɗai, ya miƙe ta gabansa. In kafin rabin minti hannu ya fara rawa, a ajiye ta.

Yanzu maganar itace, wadda na ga ita ta fi ɗaukar hankalinka. Itacen wilo ake yin allon sandar da shi, kuma iri biyu ne a kasuwa. Na Ingila ana shuka shi a yankunan Essex da Suffolk, bishiyar takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin a sare ta. Fari ne, marar nauyi, mai laushi, ƙwallo tana tashi daga jikinsa kamar an harba ta. Na Kashmir kuwa ya fi duhu, ya fi nauyi da tauri, bai kai na Ingila tura ƙwallo ba, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na wancan ba. Abin da masu sayarwa ba sa son faɗa shi ne, laushin da ya sa na Ingila daɗin bugu shi ne kuma ke sa shi saurin fashewa. Yaron da yau ya fara ganin ƙwallon fata, rabin bugunsa a gefe da gindin sanda zai riƙa sauka, wuraren da suka fi rauni. Ka ba shi sanda mai tsada, sai ka ga kafin zangon karatu ya ƙare ta tsage, in ma ba ta tsage ba nan da shekara ɗaya da rabi ta yi masa kaɗan. Ni a matsayinka, mai kyau ta Kashmir zan saya, ko ta Ingila mai daraja ta uku ko ta huɗu in aljihu ya yarda.

Kada kalmar daraja ta tsorata ka. Rabon darajar nan yawancinsa kallon fuska ne: layukan itacen sun miƙe ko sun karkace, akwai tabo ko babu, akwai jan ɓargo a gefe ko fari ne tas. Layukan nan da ake ƙirgawa a fuskar sanda, kowane ɗaya shekara guda ce ta girman bishiya. Mai layi da yawa a matse takan yi daɗi da wuri amma ba ta cika daɗewa ba, mai layi shida ko bakwai masu faɗi takan ɗauki lokaci kafin ta saki jiki, amma ta fi juriya. Sandar da na fi cin moriyarta a rayuwata mai daraja ta uku ce, da wani tabo ruwan ƙasa a kafaɗarta wanda ya sa aka rage mata kuɗi. Shekara huɗu ina bugu da ita. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Batun tambarin Kohli kuwa, bari in ɗan ba ka dariya. MRF ɗin da ke jikin sandarsa kamfanin tayar mota ne na birnin Chennai, kuɗin talla suke biyansa ya manna sunansu. Takardar mannawa ba ta buga ƙwallo, kuma ita ce abu mafi sauƙin kwaikwaya. Na taɓa zuwa Meerut, tafiyar kamar kilomita 70 daga Delhi, garin da kamfanonin SG da SS suke, inda kusan kowane lungu akwai masu sassaƙa sanda. A wani ƙaramin shago na ga guntayen wilo an jera su har rufi, wani dattijo yana zaune yana fere bayan sanda da wuƙa mai mariƙi biyu, ɓawon itace ya rufe masa ƙafa. A gefe injin matsa itace yana ta gurnani. Na nuna wata mai sheƙi na ce ita nake so. Bai ce mini komai ba, ya ɗauko tsohuwar ƙwallo ya dinga tallabe ta da sandar, ƙarar tana fita a bushe, kwas-kwas. Ya ɗauko wata da ko takarda ba a manna mata ba, ya yi haka, sai ga ƙara mai zurfi, ƙwallon tana tashi har kusa da silin. A ƙarƙashin teburinsa kuwa akwai kwali cike da tambari iri-iri, wanda ka zaɓa shi za a manna maka. Daga ranar na daina sayen sanda da ido. Kamfanoni na gaskiya suna nan, irin su Gray-Nicolls da Gunn & Moore na Ingila, Kookaburra na Ostareliya, CA na Sialkot a Pakistan, da SG da SS ɗin da na ambata, amma a shagon da aka san dillalinsu ne za a saya, da rasit.

Ka tambayi kuma yadda salon wasa ke shiga cikin zaɓi. Kowace sanda tana da cibiya, wato wurin da naman itacen ya fi kauri, inda in ƙwallo ta sauka ba ka ma jin ka buga. Wanda ke son tura ƙafa gaba ya kora ƙwallo a ƙasa, ko mai wasa a filin da ƙwallo ba ta tashi sosai kamar yawancin filayen Indiya, cibiya ta ƙasa ta fi masa. Wanda ke ja da baya yana sarar ƙwallon da ta taso masa ƙirji, irin filayen Ostareliya, ta sama yake so. Mu nan da yawanmu a kan siminti da aka shimfiɗa wa kafet muke wasa, ƙwallo tana tashi daidai gwargwado. Amma gaskiyar magana, yaro ɗan 14 da bai yi wata ɗaya da ƙwallon fata ba bai san salonsa ba tukuna, kai ma ba ka sani ba, kocinsa ma hasashe yake yi. A samo mai cibiya a tsakiya. Mariƙi ma iri biyu ne, zagayayye da mai siffar ƙwai. Na fi son mai siffar ƙwai ga mai koyo, don yana taimaka wa hannun sama ya riƙe ragama, abin da ni na rasa.

Kada kuma kaurin gefe ya ruɗi abokin naka. Tun 2017 dokar wasa ta ƙayyade gefe kada ya wuce milimita 40, kaurin sanda gaba ɗaya kada ya wuce 67, faɗi kuma 108. Gefe mai kauri a sanda mai araha galibi nauyi ne kawai za a ɗora wa yaro.

In ta iso, a ɓoye ta daga yaron na sati biyu, in ba haka ba ranar zai fita da ita. Sabuwar sanda sai an hore ta. A shafa mata ɗanyen man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa katako, kamar cokalin shayi ɗaya, a fuska da gefe da gindi, ban da wurin da mariƙi ya shiga allo don kada gam ya saki. A kwantar da ita ta kwana, a maimaita. Sannan a ɗauko gudumar katako ko tsohuwar ƙwallo a cikin safa a yi ta bugun fuskar, a hankali da farko, ana ƙara ƙarfi, kamar dai masu bugun shadda. Jimilla wajen awa shida, a rarraba a kwanaki. Gefe a riƙa gogarsa a karkace har kaifinsa ya kwanta. Maƙwabta za su yi ƙorafi, a ba su haƙuri. Ko an rubuta a jikinta cewa an riga an hore ta a kamfani, a ƙara mata awa biyu, sannan a fara da tsofaffin ƙwallaye. Kuma a sa mata robar gindi.

Yanayinmu ma abokin gaba ne. Hunturu yana tsotse danshin itace, zafin bazara ya ƙarasa. Na taɓa mance tawa a but ɗin mota kwana huɗu a watan Afrilu a Kano. Ranar Asabar ƙwallo ta uku, yoka ce, wato ƙwallon da ake jefowa ta dira wajen ƙafar mai bugu, ta sauka daidai gindinta, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, tsaga ta haura kusan taƙi guda. Ba a mota ba, ba a rana ba, ba kusa da janareta ba. A ɗaki, cikin jakarta, a ɗan shafa mai in hunturu ya kama.

Kuɗin da ka rage daga sandar, ka zuba su a hular kwano mai shingen fuska, da safar hannu, da kariyar ƙafa, da kariyar gaba. Ƙwallon tanis ba ta kai giram 60 ba, ta fata ta manya kuwa kusan giram 160 ce, kuma a shekarunsa galibi ita za a jefa masa. Phillip Hughes ƙwararre ne da ya buga wa Ostareliya wasa, ƙwallo ce ta same shi a wuya a Sydney a 2014 ya rasu. Yaron da ke tsoron ƙwallo ba ya koyon bugu ko da wace irin sanda ce a hannunsa.

Zuwa da kai ya fi aike, amma tunda aiken ne ya samu, ga abin da za ka yi. Cikin satin nan ka je filinsu, ka roƙi koci ya ba yaron sandunan abokansa uku ko huɗu ya buga da kowace. Wadda ya fi sakewa da ita, ku ɗora ta a sikelin mai shago, ku auna tsawonta da tef ɗin tela. Lambobin nan biyu za ka tura wa abokinka, tare da cewa lamba 6 ko Harrow, cibiya a tsakiya, ta ƙwallon fata ba ta tanis ba, domin akwai sandunan tanis masu kama da ita sak waɗanda bugu goma ba za su kai ba. In ya shiga shagon ya kira ka ta bidiyo, mai shago ya ɗora ta a sikeli kana gani, ya tallabi ƙwallo da ita kana ji. In ka samu awon, turo mini in duba kafin ya tashi.