Ƙanwata mai tambaya kan sankarar jini, ki saurare ni

Da na karanta tambayarki sai na ajiye waya na yi shiru. Kin ce kina son ƙwarewa a sankarar jini ki haɗa da bincike, amma mutuwar marasa lafiya ta hana ki barci, ko ki canja fanni? Wallahi ni ma na yi wannan tambayar, a kan sallaya, ina kuka.

A shekarata ta biyu a wannan fanni aka kawo mana wata 'yar sakandare, dasashi na zubar da jini, jiki duk tabo. Da muka duba ɓargonta muka ga APL ce, wani nau'in sankarar jini da kin san maganin ATRA na ceto mafi yawan masu ita in an fara da wuri. Maganin babu a garin. Filatilet, ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, babu, injin tace su ya lalace. Yayyenta uku suka ba da jini, ni ce ta huɗu. Na kira ogan sashenmu sau bakwai a daren nan, bai ɗauka ba. Da asuba jini ya zubo mata a ƙwaƙwalwa. Da ogan ya shigo zagayen safe, a gaban ɗalibai da mahaifiyarta ya ce sakacina ne. Uwar ce ta dafa ni ta ce, "Likita, kwana ne ya ƙare." Ita aka yi wa rashi, ita ke rarrashina! Bayan shekara guda mutumin nan ya wallafa rahoto da bayanan da na kwana tattarawa, ko sunana babu. Na ce na yafe, amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Don haka kafin ki taɓa fayil ɗin mara lafiya ko ɗaya don bincike, a rubuta wa zai zama na farko a jerin sunayen marubuta rahoton. Kada kunya ta cuce ki.

Amma kada ki tafi, don Allah. Ki je ki zauna a asibitin masu CML, nau'in sankarar jini mai tafiya a hankali. Kafin maganin imatinib ya fito a 2001 shekaru kaɗan suke yi. Yau akwai wanda na tura Ile-Ife karɓar Glivec, wato imatinib ɗin, kyauta, ya aurar da 'yarsa har ya aiko min da cincin. Ko yaro mai sankarar Burkitt da kumburin muƙamuƙinsa ke sacewa 'yan kwanaki bayan fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Su ne suka riƙe ni.

Batun bincike kuwa, mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin sanƙarau a Kano a 1996 ba, kuma suna da gaskiya. Takardar amincewa ki karanta musu da Hausa, ki kira miji ko uba su ji, amma mara lafiyar ce za ta ce eh da bakinta. Wanda ya ƙi, ki ci gaba da duba shi da fara'a.

Kuma ki riƙa cin abinci, ni gyambon ciki na samu. Ki ajiye lambobin masu ba da jini a wayarki tun yanzu, ki yi abota da 'yan ɗakin gwaji. Ranar da mara lafiyarki ya rasu ki kira ni, ko ƙarfe biyun dare ne zan ɗauka.