Amsa kan karatun adabin Turanci da ƙagaggen rubutu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko karatun adabin Turanci haɗe da ƙagaggen rubutu a jami'a zai mayar da ke marubuciya, ko kuwa ɓata shekaru ne kawai. Na yi wannan karatu har na kammala, kuma abin da ya kamata ki fara sani shi ne fannoni biyu aka haɗa a digiri ɗaya, kuma na adabin ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba.

Ɓangaren adabi karatu ne da tarke, wato nazarin rubutu da yi masa sharhi bisa hujja. Za a mayar da ke Turancin Chaucer, marubucin waƙoƙi ɗan Ingila na ƙarshen ƙarni na 14, wanda sai da ƙamus ake gane shi, a bi da ke ta wasannin Shakespeare da manyan ƙagaggun labaran ƙarni na 19, har a iso ga marubutan Afirka da Indiya da suka yi rubutu da Turanci. Malami ba ya ba da maki don kin maimaita masa abin da ya faru a littafi, ko don kin ce ya burge ki. So yake ki ɗauki matsaya, ki kafa hujja da kalmomin da ke kan shafi: me ya sa mai ba da labari ya ɓoye wannan, me ya sa ɗangon waƙar ya tsaya a nan. Darasin mazahabobin tarke ne ya fi gundurar ɗalibai, kuma a ganina an fi buƙatarsa wajen jarrabawa fiye da wajen rubuta labari.

Ƙagaggen rubutu kuwa a zaman bita ake koyar da shi, tsarin da ya shahara daga Jami'ar Iowa ta Amurka, wadda ta buɗe shirinta a 1936, sannan Jami'ar East Anglia ta Ingila ta kafa nata a 1970. Za ki raba wa 'yan aji labarinki tun kafin ranar zama, su karanta, su zo su tattauna shi a gabanki, kuma bisa tsohuwar ƙa'ida ba ki da ta cewa sai sun gama. Wannan shirun yana da ciwo, amma dalilinsa mai ƙarfi ne, domin ranar da littafi ya shiga hannun mai karatu, marubuciya ba ta nan balle ta bayyana abin da take nufi. Idan mutane da dama suka rikice a wuri guda, to akwai gyara a wurin, ko da maganin da suka kawo bai dace ba. Haɗarin tsarin shi ne mutum ya koma rubutu don faranta wa aji, har salon kowa ya zama iri ɗaya. Ni dai na fi ƙaruwa da yi wa wasu sharhi, don ta haka na saba gano rauni a jimla.

Digirin ba ya sa a buga littafinki, kuma yawancinmu koyarwa da aikin jarida da gyaran rubutu muka kama. Kafin ki nemi gurbi, ki duba jerin darussan sashen, ki ga nawa ne na bita, ɗalibai nawa ke zama a ciki, ko malaman suna wallafa nasu ayyukan, da kuma ko ana karɓar tarin gajerun labarai a matsayin kundin kammalawa.